Rigunan Ƙwallo Goma Sha Shida

Laraba, huɗu da rabi na yamma

Yau kwana tara. Mutane sun fara raguwa, an mayar wa maƙwabta kujerunsu, sai guda biyu da ba a gano masu su ba. Auta ce ta miƙo min wannan littafi, ta ce a asibitin da take aikin jinya suna ba mutane shawara su riƙa rubuta abin da ke ransu. Na ce mata shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa rubuta abin da ke raina ba, sai abin da ke kan allo. Ta ce to in rubuta na kan allon. Yarinyar nan bakin ubanta ta ɗauko.

Ga abin da ke akwai. Maigidana ya rasu ranar Litinin ta makon jiya, da safe. Shekararsa sittin da bakwai. Unguwa kaf Koci suke ce masa, har 'ya'yansa in sun so tsokana. Ya bar ni, da Babba, da Auta, da jikoki uku, da rediyo, da usur guda huɗu, ɗaya ba ya kuka.

Ban leƙa lungun wanki ba.

Alhamis, sha ɗaya na safe

Masu gaisuwa bakwai tun safe. Kowa da labarinsa, kuma duk labarin iri ɗaya ne. Matar mai gyaran keke ta ce shi ya kai mijinta asibiti a babur, ya zauna a benci har aka ba su gado. Mai shago ya ce tun da Koci ya yi ritaya daga gidan ruwa ba a sake neman mai gyaran famfo a layin nan ba, kuma ko ruwan sanyi ba ya karɓa. Wani dogon mutum da ban gane ba ya ce Koci ne ya raka shi wajen ubansa, ya roƙa aka mayar da shi makaranta, yanzu shi lauya ne. Ya yi kuka har da majina, lauya guda. Na sa Auta ta miƙa masa hankici.

Duk gaskiya ne. In kwata ta toshe shi ke fara shiga da shebur, sannan sauran su ji kunya su fito. Duk Juma'a da yamma shi ke zana layukan filin ƙwallo da farar ƙasa, ya dawo kamar an tsoma shi a gari.

In sun gama yabonsa sai su juyo kaina. "Ke ma, Mama, Allah ya saka miki, ai da ba don ke ba." Ina cewa amin. Amin ba ta da wuya.

Juma'a, biyar na yamma

Kyaftin ya zo. Mai walda ne, shekararsa arba'in da uku, tumbi ya fara fitowa, amma har yau ƙungiyar unguwa ba ta da wani kyaftin sai shi. Yana ɗan shekara tara ya fara shigowa gidan nan ba takalmi. Ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa, ya gaishe ni sau uku, sannan ya ce gobe za su koma wasa, ko rigunan ƙungiya suna nan.

Auta ta tashi ta ɗauko su. Goma sha shida, korra, a ninke. Ita ta ƙarasa wanke su makon jiya, ban san wace rana ba.

Ya ɗora hannu a kansu, idonsa ya cika. "Mama, har a wannan hali sai da kika wanke?"

Auta ta dube ni. Ni kuma na dubi hularsa.

Sai ya faɗi abin da ya kawo shi na gaskiya. Asabar ta uku daga gobe za su yi wasan tunawa da Koci, tsofaffin 'yan wasa da sababbi. In an tashi za su biyo ta gida su duka, su karrama ni. "Shekara talatin da huɗu kina wanke mana riga, Mama, ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Shi ya tafi ba mu yi masa komai ba. Ke kam ba za mu bari ba."

Na ce Allah ya kai mu.

Juma'a, shida saura kwata

Shekara talatin da huɗu hannuna bai taɓa rigunan nan ba. Maigidana, shi ke wanke su. To, na rubuta.

Asabar, tara na safe

Tunda na fara, bari in ƙarasa, don ni ba na son lissafi rabi.

Ranar Asabar in an tashi wasa yakan dawo da su a buhu. Lahadi da yamma ya jiƙa. Litinin da safe ya shiga lungun wanki, wanda ke bayan kicin, katanga ta kare shi ta ko'ina, ba mai gani daga waje. Yana aiki yakan fara tun da asuba. Da ya yi ritaya ya mayar ƙarfe takwas. Ya zauna a kan ƙaramar kujera da baho a gabansa, rediyo a kan taga, yana wanki yana gardama da mai sharhin wasanni kamar mutumin yana jin sa.

Asabar kuma ya raba musu a fili, kowa ya miƙa wa sai ya ce, "Ka gode wa Mama." Yaran da ya fara ce wa haka yanzu wasu sun yi furfura. A hanya, a kasuwa, har a layin karɓar magani, sai in ji an ce, "Mama, mun gode da wanki." Shekarun farko na yi masa faɗa, na ce wannan wace irin ƙarya ce. Ya ce, "Malama, me ta rage ki da shi? Gida ɗaya ne, hannu ɗaya ne." Daga baya na daina faɗa. Na koyi cewa Allah ya yi albarka.

Babba da Auta sun sani, a ciki suka tashi. Ba wanda ya taɓa ce musu su ɓoye, su ma ba su taɓa faɗa ba.

Yanzu saura mako uku. Ko in tsaya gaban mutane in karɓi abin da ba nawa ba, ko in buɗe baki. Wannan ce kawai tambayar.

Litinin, takwas da kwata na safe

Ba ƙarar famfo.

Litinin, uku na yamma

Ƙanwar maigidana, wadda yara ke kira Gwaggo, ta ce za ta ƙara mako uku a nan don kar kaɗaici ya dame ni. Ban san wa ya ce mata yana damuna ba. Tun safe take magana, in ta gaji ta yi waya. Ɗazu ta kama hannuna tana juyawa.

"Matar Yaya, wane mai kike shafawa? Duk wankin nan, hannu kamar na amarya! Ni kwana biyu in na yi wanki sai ka ce bawon itace."

Na ce mata man da kowa ke shafawa ne. Ta ce in ba ta sunansa kafin ta tafi.

Hannunsa kuwa duk ya tsage ta gefen yatsu. Mutane sun ɗauka farar ƙasa ce.

Laraba, bakwai na yamma

Babba ya kira daga garin da yake aiki. Na gaya masa abin da Kyaftin ya ce, da abin da nake tunani.

"Mama, don Allah a bar kaza cikin gashinta. Baba ya rufe abu shekara talatin da huɗu, ke kuma ki buɗe a gaban jama'a? Me za su ce a kansa? Me za su ce a kanki? Ki karɓa, ki yi godiya, kowa ya watse."

Na ce abin da za su ce a kansa shi ne gaskiya.

Ya ce, "Gaskiyar da shi bai so a sani ba."

Yaron nan ya iya magana. Na ji haushi, don bai yi kuskure ba duka.

Alhamis, biyu na rana

Auta ta dawo daga aiki da wata takarda ta asibiti da ba a cike ba tun ranar rasuwar. Ta zauna a tebur da biro.

"Mama, ƙarfe nawa Baba ya shiga lungu?"

"Takwas, kamar kullum."

"Ƙarfe nawa kika same shi?"

"Wajen tara."

"Wajen tara, ko tara?"

Na ce ban duba agogo ba.

"Ba ki ji komai ba?"

Na ce rediyo na kunne.

Ta rubuta, ta ninke takardar, ta tafi ta wanke hannu.

Batirin rediyon ya mutu tun ranar Lahadi, ana gobe zai rasu. Ya ce zai saya da yamma. Kuma ni, tun ina koyarwa, ba na motsi ban duba agogo ba.

Asabar, shida na yamma

An ci ƙungiyar unguwa biyu da ɗaya. Gwaggo ce ta jiyo a shago. Da yana nan da ya shigo ya ce alƙalin wasa makaho ne, ya ƙi cin abinci minti goma, sannan ya ci kwano biyu.

Ban taɓa zuwa filin nan kallo ba ko sau ɗaya. Amma na san duk wanda ya taɓa zubar da fenariti a unguwar nan, da shekarar, da ƙafar da ya buga da ita. A bakin abinci nake jin su.

Lahadi, goma na safe

Kyaftin ya sake zuwa, yau da riga biyu a leda. Ya ce don su hutar da ni sun yanke kowa ya tafi da tasa gida ya wanke. To ga sakamako. Lamba bakwai ta ɓare, ta koma kamar ɗaya. Ta biyun ta koɗe, matar mai ita ta shanya a tsakiyar rana.

"Mama, yanzu muka san darajarki. Yaya kike yi ne?"

Bakina ya buɗe da kansa. Na ce a juya riga ciki waje kafin a jiƙa, don kar lamba ta ɓare. Ruwan sanyi, ban da na zafi. Wuya da hammata a bi su da tsohon buroshin haƙori. Ba a murɗewa, matsewa ake yi tsakanin tafi. A shanya a inuwa, a jere daga ɗaya zuwa sha shida, don in wata ta ɓata a gane nan take. Ta gola ita kaɗai ake wankewa, don tana zuba.

Yana ta rubutawa a tafin hannunsa, yana cewa, "Kai! Kai! Ilimi ke nan."

Duk ta tagar kicin na koya, ina tsaye ina wanke kwanuka. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba a abin da na gaya masa. Da ya fita na ji kamar na saci takalmi a ƙofar mutane.

Litinin, takwas na safe

Ban leƙa ba.

Talata, huɗu na yamma

Wata rana wani zai karanta wannan ya ce wace irin mata ce. To ga dalili, sau ɗaya zan rubuta.

Shekara ta biyu da aurenmu. Cikin fari. Aka sallamo ni daga asibiti ranar Asabar, hannu ba komai. Shi ya kawo ni gida, ya kwantar da ni, ya ce zai je ya dawo yanzu, wasan ƙarshe ne, yaran ba su da kowa. Da magariba ya shigo da kofi a hannu ɗaya, buhu a ɗayan, ya ajiye buhun a inda ya saba ajiye min.

Na ce hannuna ba zai sake taɓa su ba har in mutu.

Ya ɗauki buhun.

Ya ba ni haƙuri a ranar, da washegari, da wasu shekaru bayan nan. Na yafe masa tuntuni, wallahi na yafe. Sai dai ni ba na lashe amaina, shi kuma bai taɓa cewa in lashe ba. Haka muka zauna, kowa na jiran ɗan'uwansa, har abin ya daina zama faɗa ya zama tsarin gida, kamar inda ake ajiye tsintsiya.

Laraba, bakwai da rabi na safe

Shayin da nake haɗawa ba ya daɗi. Ashe ban iya ba. Shekara goma sha shi ke kawo min, ya tsaya a kaina sai na kurɓa, ya ce, "Yaya alƙali ya gani?" In ce katin gargaɗi, sukari ya yi yawa.

Da bayana ya fara ciwo shi ke yanke min farcen ƙafa. Yana yi yana ba ni labarin wani wasa da aka yi kafin a haifi Babba. Shi ya koya wa Auta keke, yana gudu a bayanta har ƙarshen layi, ta riga ta iya tun tuni amma ya ƙi sakin sirdi. Babba ya faɗi jarrabawa, ni na yi kwana uku ba na masa magana, shi ya ɗauke shi suka tafi fili suka yi ta buga ƙwallo su biyu har duhu ya fara.

Ina kewarsa. Abin haushi, har surutun rediyon nake kewa.

Juma'a, biyar na yamma

Gwaggo ta shigo da fara'a, ta ce ta san kyautar da za su ba ni amma an rantsar da ita. Ta ce, "Abu ne babba, matar Yaya, sai an share masa wuri." Ta yi ta zagaye tana jira in roƙe ta. Ban roƙa ba, abin ya ƙona mata rai.

Wani ya zana layukan fili yau. Ta ce sun karkace kamar tafiyar maciji.

Litinin, takwas da minti ashirin

Ina kicin. Na zauna a inda na zauna ranar da ya rasu. Ana jin komai daga nan, ko cokali ya faɗi a lungu.

Laraba, sha biyu na rana

Na gwada rubuta abin da zan faɗa ranar Asabar. Na farko ya yi tsawo, ya zama darasi. Na biyu ya zama kamar ina neman a tausaya min, na yage. Na uku layi biyu ne. Ba ni na wanke rigunanku ba. Koci ne.

Na nuna wa Auta. Ta karanta, ta miƙo min.

"Shi ke nan duka?"

Na ce me ya rage.

Ta ce, "Ke kika sani, Mama."

Kwana nawa ke nan ba ta zauna kusa da ni ba. Tana kawo min magani a kan lokaci, ta auna min jini, ta tambayi barcina, kamar dai mara lafiyar gado na shida. Ba ta yi min rashin kunya ba. Na fi son rashin kunyar.

Juma'a, shida na yamma

Babba ya iso da matarsa da yara. Bai ko cire takalmi ba ya ja ni gefe.

"Mama, kin bar maganar nan ko?"

Na ce ban bari ba.

"Saboda wa za ki faɗa? Saboda Baba, ko don ke ki samu sauƙi?"

Na ce ya je ya wanke ƙafa, abinci na hucewa.

Asabar, bakwai saura kwata na yamma

Sun zo, sun tafi. Zan rubuta yadda aka yi bi da bi.

Ƙarfe biyar da rabi na ji hayaniyarsu tun daga kan kwana. Sun fi hamsin, tsakar gida ba ta ɗauke su ba, wasu suka tsaya a ƙofa, wasu a kan katanga. Tsofaffi sun ci sababbi uku da biyu, kowa ya san bari aka yi musu. Masu furfura sanye da korran riguna, tumbi ya ɗage su sama. Lauyan nan mai kuka ma yana ciki, yana ɗingishi.

Aka sa min kujera a tsakiya. Kyaftin ya yi magana, ya yi ta da kyau. Ya ce Koci ya koya musu cewa wanda ya zo fili a makare ya raina mutum goma. Ya ce bai taɓa zagin yaro ba, sai dai ya zaunar da shi a benci ya zauna kusa da shi. Ya ce akwai mutum ashirin a nan da ba don fili ba da yanzu suna kurkuku ko kabari. Maza suka yi ta share ido da wuyan riga.

Sannan mutum huɗu suka shigo da kwali, suna nishi. Aka yage. Injin wanki ne, fari, sabo.

"Don Mama ta huta," in ji Kyaftin. "Daga yau ba durƙuso, ba baho. Ki zuba kawai ki danna."

Na dubi injin. Na yi tunanin da bara suka kawo shi. Ban bari tunanin ya yi nisa ba.

Na miƙe. Babba ya kama gefen mayafina, na zare. Muryar aji na yi amfani da ita, wadda ake ji har benci na ƙarshe.

"Ba ni na wanke rigunanku ba. Koci ne. Shekara talatin da huɗu, duk Litinin, da hannunsa. Ni ko ɗaya ban taɓa ba."

Na ji saukar wani abu daga ƙirjina, na ce to an gama.

Sai Kyaftin ya fashe da dariya, hawaye na zuba. Ya juya wajen sauran. "Kun ji ko? Ban gaya muku ba? Wallahi haka Koci ya ce! Ya ce duk ranar da kuka yaba wa Mama za ta ce ba ita ba ce, kar ku saurare ta, halinta ne."

Gida ya ɗauka. Dariya, tafi, wani ya busa usur.

Na ce da gaske nake.

Wani tsoho da ya yi musu gola shekarun baya ya ɗaga murya. "Koci da wanki? Mama, mutumin da ke zuwa fili da safa kala biyu?" Aka sake kecewa. Kyaftin ya ɗaga tafin hannunsa ya ce wa ya koya masa buroshin haƙori, aljani? Gwaggo ta rungume ni tana cewa kunya ce da ita tun tana amarya.

Na faɗa sau uku. A na ukun sun fara jera layi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya ce, "Mama, mun gode." Hamsin da wani abu. Na ce Allah ya yi albarka har muryata ta dushe.

Ashe maigidana ya riga ni. Ya toshe ko'ina tun kafin ya tafi, bai bar min ko ƙofar da zan fita in ji kunya ba. Na ji haushinsa kamar yana tsaye a gabana.

Babba ya samu abin da yake so, yana ta raha yana karanta takardar injin. Auta tana tsaye a ƙofar kicin tun farko har ƙarshe. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

Lahadi, tara da rabi na safe

Ɗazu ina kicin, sauran sun fita raka Gwaggo tasha. Auta ta shigo ta tura ƙofa.

Ta ce, "Jiya kin yi ƙoƙari. Amma wannan ai mun sani, Mama. Ɗayan nake jira."

Na ce ta zauna. Ta ƙi.

Na gaya mata. Ranar ina da ganin likitan ido ƙarfe tara, ya yi alkawarin kai ni. Na shirya tun bakwai da rabi. Ya ce bari ya gama rigunan tukuna, ba za su ɗauki lokaci ba. Na zauna a nan da mayafina da jakata a cinya, ina kallon agogo, ina cika ina batsewa.

Takwas da minti ashirin na ji baho ya kife, ruwa ya watsu, wani abu mai nauyi ya bugi siminti.

"Ya kira ki?"

"Sau ɗaya."

"Me ya ce?"

"Ya ce, Malama, kar ki fito, akwai santsi."

Muryar ba daidai take ba, kamar mai abu a baki. Na ji hakan, ban ɓoye mata ba.

"Ke kika ce me?"

"Na ce, da ma wa ya ce maka zan fito?"

Ta riƙe bakin tebur. Na ce mata tara da minti biyar na fita, kuma ba duba shi na je yi ba, faɗa na je yi masa don mun makara. Minti arba'in da biyar. Ba sai ta yi lissafi ba, na riga na yi mata.

Na tambaye ta, a matsayinta na wadda ta san aikin, da na fita a lokacin fa?

Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Wallahi ban sani ba. Da na sani da na gaya miki, ko wanne ne."

Sai ta zauna, a ƙasa, ta jingina da ƙafata kamar tana ƙarama. Mun daɗe a haka.

"Da kika ce masa haka, ya amsa?"

"Ya yi dariya. 'Yar kaɗan."

Ta ɗago ta dube ni. "Kin tabbata dariya ce?"

Na ce na tabbata.

Ban tabbata ba.